Farin da ke bakin tulu ya fara nuna mini shekara

Jama'a, yau dai Allah ya yi, na samo bakin zaren abin da ya hana ni sakat tun watan jiya. Kun san na ɗora wa kaina aikin jera, bisa shekarun da aka zana su, hotunan cikin ɗaki na William Henry Hunt, mai fentin ruwan nan na Ingila da ya rayu daga 1790 zuwa 1864, musamman waɗanda bai sa musu shekara ba: ɗakin girkin ƙauye, sito cike da ciyawa, yaro zaune kusa da kwando. Na farko-farko ba su wahalar da ni ba. Duk inda na ga layin alƙalami da tawada ruwan ƙasa, aka bi shi da fenti tsararo, sai in tura shi wajen shekarun 1820, lokacin da koyarwar maigidansa John Varley ba ta gama sakin hannunsa ba. Na bayansu ne suka tsaya mini a wuya.

Haske ne ya rikita ni. A fuskar waya, farin da ke bakin tulu da na kan tsinken ciyawa duk ɗaya suke. Alhali hanya uku ce: a bar takarda fara, ko a kankare fenti da wuƙa bayan ya bushe, ko a ɗora fari mai kauri a sama. Bambancin yana da amfani, domin a 1834 ne kamfanin kayan fenti na Winsor & Newton ya fito da farin fenti mai kauri da ake kira Chinese white, wanda Hunt ya runguma har ya koma shimfiɗa shi a ƙasa yana ɗiga launi a kansa, kamar yadda ake gani a hotunan sheƙunan tsuntsaye da ya zana.

Da kallo ya ƙi, sai na ɗauki burushi. Na zana tulu ɗaya sau tara. Takardar auduga biyar na lalata, kuma wallahi kuɗinta ya yi mini ciwo, don sai da na yi sati biyu ina jiran a kawo ta daga Legas. Reza ta yaga biyu saboda garaje, ban bari sun bushe ba. Iskar hunturu ta ruɗe ni, sama ya bushe, ciki da sauran danshi.

Amma a na takwas na gani da idona! Farin da aka kankare yana da kaushi, gefensa a kakkarye, yana bin ƙurajen takarda. Wanda aka bari kuwa yana da ɗan layi mai duhu a gefe, inda ruwan fenti ya taru ya bushe. Mai kaurin yana zaune a sama, yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa, kuma ya fi sanyin launi. Na koma kan hotunan na ƙara girmansu, nan take guda shida suka sami gurbi.

Kada dai ku yi saurin da na so yi. Farin fentin da ake yi da dalma ya riga na 1834 zuwa, shi ne mai yin baƙi idan ya tsufa, don haka ganin fari mai kauri kaɗai bai isa hujja ba. Akwai wani hoton sito guda da ke da farin da aka kankare a ciyawa, ga kuma fari mai kauri a kan kwando. Shi na cire daga jerin, na ajiye shi gefe, gobe zan gwada haɗa su biyun a ragowar takardata.