Asabar, Rano zuwa Tiga

Sha ɗaya saura na dare, uwargida ta yi barci tun ɗazu, ni kuwa cinyoyina na zafi amma ba su ne suka hana ni kwanciya ba. Maganar Dogo, abokin hawan kekena, ce ta tsaya min a rai, gara in rubuta ko na samu sauƙi.

Mun fita bayan asuba, ni da Dogo da Injiniya. Kamar kullum kekunan a bayan mota muka zuba su har Karfi, don ni dai na daina yarda in tuƙa keke ta gadar Tamburawa da sassafe, tifofin yashi da tireloli ba sa ganin mutum cikin hazo. Sanyi kamar me. Yatsuna sun ƙi kama birki sai da muka kusa Bunkure.

Wanda bai taɓa bin hanyar nan da hunturu ba, dan Allah ya gwada ko sau ɗaya. Ko'ina ya bushe, karan dawa an tattare, ƙasa ta yi fari fat, sai kawai ka gangara wani kwari ka ga kore shar, alkama da albasa da tumatir, ruwa na gudu a kwalbati, mutane sun duƙa suna ban ruwa hannu cikin laka da wannan sanyin. Duk ruwan Tiga ne. Kuma iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, to mu da muka nufi kudu tana bayanmu, feda kaɗan keke ya tafi. Daga Bunkure ƙasar ta fara hawa da sauka, ba tudu mai kashe mutum ba, irin wanda kafin ka gaji ka kai ƙarshensa sai gangara ta karɓe ka, sannan duwatsun Rano su fara leƙowa ta cikin hazo ɗaya bayan ɗaya. Injiniya har waƙa yake.

Shayi da burodi da ƙwai a Rano. Mai shayin ya cika sukari.

To bayan mun bar Rano mun ɗauki hanyar Rurum tayar Dogo ta baya ta sace, ƙaya ce. Tib ɗinsa na ajiya ya riga ya ba Injiniya satin da ya wuce, nawa kuma bawul ɗinsa gajere ne ba zai fito ta rim ɗin Dogo ba. Muka tura kekuna zuwa wani ƙauye da ke gaba kaɗan, aka nuna mana rumfar mai faci a gindin tsamiya. Dattijo ne, gemu fari tas, hannunsa duk baƙin mai, gabansa tsofaffin Phoenix da Raleigh an kifa su suna jiran gyara. Yana ganinmu ya miƙe da fara'a, ya ce sannunku 'ya'yana, daga ina haka da hular kwano? Muka ce Kano. Ya ce a keke? Muka ce daga Karfi dai. Ya yi dariya ya ce ai Karfi nan ne, shi yana saurayi da buhun gyaɗa a kariya yake shiga birni ya dawo ya yi isha'i a gida.

Ya sa yaro ya kawo mana benci da ruwa. Ina zaune ina ta jan sa da hira don mutumin ya iya magana. Ya ce akwai shekarun da ya kusa rufe rumfar, kowa ya koma babur, yaran da yake koya wa aiki duk suka gudu wajen masu gyaran babur. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai ga mutane suna zaro tsofaffin kekunan iyayensu daga zaure da bayan rumbu, wani ba sarƙa, wani sirdin gara ta cinye, a gyara a tafi gona. Ya ce yana yaro aka yi aikin dam ɗin Tiga zamanin Audu Bako, yana tuna manyan motocin da suka riƙa kwasar ƙasa, kuma kafin a tare ruwan a 1974 kogin Kano da rani yashi ne kawai, sai ka tona ka samu na sha.

Sai na tambaye shi ko akwai hanyar da za mu bi mu koma ba tare da mun hau titin Zariya ba. Nan fa idonsa ya kawo haske. Ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa, ya ce kun ga nan Tiga, ruwa ya fito ya zo Ruwan Kanya, daga nan babbar hanyar ruwa ta ɗauke shi ta yi arewa, to a gefenta akwai burji da yake bi, da rani a daddaɓe yake ba yashi, kuma bishiyoyi da gonaki suna rage maka iska. Ya fara lissafa min inda za mu karya, in kun wuce wata kuka mai rami ku yi hagu, akwai wata ƙaramar gada, kar ku hau ta farko ku jira ta biyu. Yana maganar yana jawo tayar Dogo, ya ɗauko ƙarfen da yake ɓalle taya da shi.

Sai Dogo ya yi wuf ya riƙe hannunsa. Ya ce Baba dakata dakata, kar ka sa masa wannan ƙarfen, rim ɗin nan kaɗai ya fi kuɗin duk abin da ke rumfar nan.

Wallahi sai da na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Yaran da suka taru suna kallon kekuna duk suka yi tsit. Baba bai ce komai ba, ya ajiye ƙarfen a hankali, ya sa manyan yatsunsa biyu ya murza tayar ta fita daga rim ba tare da wani ƙarfe ba, abin da ni da Dogo sai mun yi gumi muke yi da robobinmu na ɓalle taya. Ya tsoma tib a kwanon ruwa ya gano hujin, ya kankare, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, ya manna, ya bi cikin tayar da yatsa ya zaro ƙayar ya miƙa wa Dogo a tafin hannu. Aiki tsaf. Amma hira ta mutu. Na ce Baba ka ce gada ta biyu, daga nan fa? Ya ce yallaɓai ai ku bi kwalta kawai, irin kekunanku ba sa son burji. Ya sa ƙafa ya share zanen. Da muka tambayi kuɗi ya ce a ba da abin da ya sawwaƙa, bai ko kalli abin da aka ba shi ba ya sa a aljihu.

Ni ban ce Dogo ba shi da gaskiya a kan rim ɗin ba. Na kabon ne ba na ƙarfe ba, ƙarfe na iya fasa bakinsa, kuma na san watannin da ya yi yana tara kuɗinsa. Amma ai ana iya cewa Baba ga robar da ake cire shi da ita, shikenan. Me ya kawo kuɗin rumfar mutum? Dattijon da ya haife mu, a gaban jikokinsa, a ƙauyensu, mu muka zo neman taimako. Na faɗa wa Dogo haka a kan hawan Rurum, ya ce ni na fiya ɗaukar abu da zafi, shi bai nufi komai ba kuma ai ya ƙara masa kuɗi. Wannan ƙarin kuɗin ma ya fi ɓata min rai. Injiniya ya ce mu bar maganar. Muka bari, amma har Tiga ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Tiga dai tana nan yadda take, ruwa har inda ido ya tsaya, masunta na gyaran koma. Mun yi azahar, mun ci soyayyar karfasa da yaji. Ban ji daɗinta sosai ba.

Dawowa kuwa mun sha wuya. Ta Bagauda muka fito titin Zariya, iskar da ta tura mu da safe yanzu tana dukan ƙirji, ƙura a baki, wajen Kwanar Gafan motocin tumatir sun cika gefen titi da kwanduna sai ka ratsa tsakaninsu da addu'a. Duk tirelar da ta wuce ta girgiza ni sai in tuna akwai wata hanya can gefen ruwa da aka fara zana mana. Na duba taswirar waya da Strava, manhajar masu keke, da muka iso Karfi, ana ganin layin ruwan, amma ba kuka ba gada, ba ka san wacce za ka hau ba.

Masara gasasshiya a Karfi, na sayo wa yara.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma, ko ni kaɗai ne. Zan sa tayoyi masu ɗan faɗi saboda burjin, in kai wa Baba goro in gaishe shi da kyau, in ya ga dama ya ƙarasa min zanen, in bai ga dama ba ma na dai gaishe shi. Na tura wa Dogo saƙo ko zai zo mu je tare, ya karanta bai amsa ba tukuna. In akwai ɗan Rano ko Bunkure a cikinku da ya san burjin gefen ruwan nan daga Ruwan Kanya, dan Allah ya yi min bayani, musamman inda yake fitowa kwalta.