Wanda ya shigo ya tarar ba kowa

Minecraft wasan bidiyo ne na gini da bulo, saba kuma ita ce kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta ta intanet su yi wasa tare. Sabar Minecraft tana da wani fayil da take rubutawa da kanta, inda take ajiye duk abin da ya faru: wane ya shigo da ƙarfe kaza, wane ya fita, wane ya faɗa narkakken dutse ya ƙone. Shekarar farko da na buɗe tamu ban taɓa duba shi ba sai in wani abu ya lalace. Ranar da na zauna na karanta shi a tsanake, raina bai yi daɗi ba. Sunaye ne jere waɗanda ban taɓa gani ba. Wannan ya shigo 2:14, ya fita 2:16. Wancan ya shigo 5:40, ya rubuta "akwai kowa?", ya ɗan jira, ya fita 5:43. Na ƙirga irinsu a wata ɗaya, sun haura 60. Ni kuwa duk tsawon watan nan kuka nake wa ƙanena cewa ba ma samun baƙi.

Da na nuna masa, dariya ya yi. Ya ce, "Yaya, ai baƙi suna zuwa. Masu gidan ne ba sa nan."

Mu shida muka fara: ni, da shi, da abokaina huɗu. Mun shafe kusan wata uku muna gina wurin da sabon shiga ke sauka, har da ƙofar gari mai hasumiya biyu da lambu da allunan dokoki masu launi. A tunanina kyau ne ke jawo mutane, wanda ya ga ginin nan ba zai iya tafiya ba. Abin da ban lura da shi ba, tun kafin mutum ya shiga, wasan yana nuna masa adadin waɗanda ke ciki a gefen sunan sabar. Saitin asali mutum 20 ne, sai ni da dogon buri na mayar da shi 100. Wato duk wanda ya sa adireshinmu, abin da yake fara cin karo da shi 0/100 ne. Ni da hannuna na kafa allon da ke shelar cewa gidan kango ne.

Kafin in gane haka na bi hanyoyin da kowa ke bi. Na sa sunanmu a jerin sabobin nan da ake jefa wa ƙuri'a, inda kowane ɗan wasa ke da ƙuri'a ɗaya a rana, mai ƙuri'u da yawa ya hau sama. Mu shida ne, ƙuri'a shida ke nan in kowa ya tuna. A sama kuwa akwai irin su Hypixel, wadda ke aiki tun 2013 kuma take ɗaukar dubban mutane a lokaci guda. Gwada tsayi da su wauta ce.

Sai na shirya gasa da kyauta. Wannan kam ta tara jama'a, har ta wuce yadda na zata. A daren mutum sama da 70 suka danno, ni ina ta murna ina ɗaukar hoton allo. Murnar ba ta daɗe ba. Minecraft tana lissafa duniyarta sau 20 a kowace daƙiƙa, kuma muddin injin ya gaza, adadin sai ya faɗi. Namu ya sauko ƙasa da 10. Ka fasa bulo, ya ɓace, ya sake dawowa. Ka buɗe ƙofa, sai ta yi shawara tukuna. Aka dai lallaɓa aka gama, wanda ya ci ya karɓi kyautarsa, ya yi godiya, ban sake ganinsa ba. Bayan mako guda mutum uku suka rage daga cikin taron, ɗaya daga cikinsu kuma shi ne ya bari sai da muka kwanta ya jera nakiya ƙarƙashin hasumiyoyin nan biyu. Da safe rami na tarar. Allah ya taimake ni na riga na sa CoreProtect, ƙarin manhajar da ke rubuta wanda ya taɓa kowane bulo kuma take iya mayar da komai yadda yake, don haka gyaran bai ɗauki minti goma ba. Amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, kuma na daina gasar kyauta daga ranar. Wanda kyauta ta kawo, kyautar wani wuri za ta ɗauke shi.

Bayan maganar ƙanena abin da muka yi ba shi da wani armashi a baki. Mun tsayar da lokaci. Talata da Asabar, 8 zuwa 10 na dare, dukkanmu shida muna ciki, ko da mutum ba abin da zai yi sai kiwon tumaki. Na mayar da adadin zuwa 20. Ɗan rubutun da ke fitowa ƙarƙashin sunan sabar, wanda da na cika shi da kirari, na goge na rubuta ranakun da lokacin kawai. Wanda ya zo da rana ya tarar ba kowa, aƙalla ya san yaushe zai dawo. Kuma 6/20 da 0/100 ba ɗaya ba ne a idon baƙo, ko da yake mutanen dai su ne.

Doka ta biyu ita ta fi wuya, domin tana katse wa mutum wasa. Da zarar sabon suna ya bayyana, dole ɗayanmu ya ajiye abin da yake yi ya je ya tarbe shi. Ba saƙon inji mai cewa barka da zuwa ba, mutum ne zai tsaya gabansa ya kira sunansa. Kwana ɗaya a Minecraft minti 20 ne, dare da rana, saboda haka sabon shiga ba ya daɗewa duhu ya rufe shi, dodanni su fito, shi ba gado ba mafaka. Da yawa daga cikin waɗanda suka fita a minti na goma, kashe su aka yi sau biyu suka ji haushi. Yanzu muna ba shi gado da fitilu da diga ta dutse, mu raka shi ya zaɓi fili. Ba ma ba shi kayan lu'ulu'u. Mun gwada, sai muka ga wanda aka ba komai ba shi da abin nema, gobe ba ya dawowa. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to a nan na ga hakan da idona, don hasumiyoyina ba su taɓa riƙe ko mutum ɗaya ba.

Wani abu kuma da gangan muke yinsa: ba ma gama gini. Akwai gadar da muka faro a kan wani kogi mai faɗi, muka tsaya a tsakiya, muka ajiye akwati cike da bulo a bakinta da allo mai cewa duk wanda ya ga dama ya ƙara. Abokina ɗaya ya so ya ƙarasa ta a dare guda don ganinta haka na damunsa, na hana shi. Mutumin da ya jera bulo 30 a gadar nan yana da dalilin leƙowa jibi ya ga inda aka kai. Da aka gama ta muka kafa alluna ɗauke da sunan duk wanda ya sa hannu, muka faro hanyar jirgin ƙasa, ita ma muka bar ta a rabi.

Bari in ba da labarin mai itatuwa. Wata 'yar wasa ce ta shigo wata Asabar, aka gaishe ta ba ta amsa ba, aka ba ta gado ta karɓa ta wuce. Mako uku ba ta rubuta ko kalma ɗaya ba. Har na fara zargin ko irin mai nakiya ce ke nazarin wuri, na bi bayanan CoreProtect in ga abin da take taɓawa. Itatuwa take dasawa. Ta bi hanyar da ta tashi daga masauki zuwa gada, gefe da gefe, tana barin bulo huɗu tsakanin kowace bishiya da 'yar uwarta, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Na je na tsaya a ƙarshen layin ina kallo, ta zo ta dasa ta ƙarshe kusa da ƙafata, ta ɗan durƙusa sau biyu, wanda a wasan nan gaisuwa ce, ta juya. Ban ce mata komai ba, na dai kafa allo da sunanta a bakin hanyar. Sai a mako na huɗu ta yi magana, tambaya ce a kan yadda ake haɗa ƙofa mai buɗe kanta. Yau tana cikin masu kula da sabar, kuma ta fi ni iya tarbar baƙi.

Daga baya na ci karo da abin da Jakob Nielsen ya rubuta a 2006 game da taron jama'a a intanet, cewa a kan samu kashi 90 cikin 100 masu kallo ne kawai, kashi 9 kan sa baki jefi-jefi, kashi 1 ne ke yin yawancin maganar. Ba a kan wasa ya yi maganar ba, kuma a ƙaramin wuri irin namu rabon bai kai haka tsanani ba, amma ya sa na daina ɗaukar shiru a matsayin rashin sha'awa. Da ina bin mutane da "ka yi magana mana", ashe korarsu nake yi.

Abin da ya fi komai ƙara mana jama'a ba talla ba ne. Sabarmu ta nau'in Java ce, wadda ake bugawa a kwamfuta, alhali masu waya da na'urorin wasa suna kan nau'in Bedrock, kuma asali biyun ba sa haɗuwa. Sau da yawa wani zai ce yana da aboki mai son shigowa amma waya gare shi. Da na sa Geyser, wadda ke yin tafinta tsakanin nau'ukan biyu, sai ga su suna shigowa bibbiyu da uku-uku. Tun daga lokacin nake tambayar kowane sabon shiga wa ya gaya masa labarinmu, ina rubutawa a littafi. Kusan kullum amsar ɗaya ce: abokina, ɗan ajinmu, yayata. Wanda aboki ya kawo ya riga ya san mutum ɗaya a ciki, kuma yana jin nauyin yin ɓarna.

Bidiyo ma mun gwada. Na ɓata kwana biyu ina haɗa na zagayen gari da kiɗa a ƙasa, ba wanda ya kula. Wanda ya yi tasiri na daƙiƙa 20 ne, inda ƙanena ke nuna sabon gidansa yana fahariya, koren dodon nan Creeper ya lallaɓo ta bayansa ya tashi da rabin bangon, muryoyinmu na tashi muna dariya. Ina jin abin da mutane suka gani a ciki shi ne akwai mutane a wurin, kuma suna jin daɗin juna. A Discord kuwa, inda muke hira da murya, ɗakuna sama da 20 na buɗe tun farko, kowanne fayau. Na rage su zuwa huɗu, hirar ta taru wuri guda.

An sha ba ni shawarar in riƙa sayar da muƙamai da makamai don sabar ta riƙe kanta. Tun 2014 Mojang, kamfanin da ya ƙirƙiri wasan, ta fayyace cewa ba a yarda a sayar wa ɗan wasa abin da zai ba shi fifiko a kan wasu ba, sai dai kayan ado. Ko ba dokar ma ba zan yi ba. Ranar da mai biya ya fi mai dasa itatuwa daraja, na san wadda za ta fara tafiya.

Girman ya zo da nasa ciwon kai, kuma ba daga baƙi ya fito ba. Da masu zuwa a kai a kai suka kai wajen 40, sai tsofaffin suka fara jin kamar an ƙwace musu gida. Ɗaya daga cikin mu shida na farko, abokina tun muna yara, ya ɗauki ɗabi'ar yi wa sababbi ba'a, in sun yi tambaya ya ce su je su koya tukuna. Na yi masa magana a gefe sau biyu. A karo na uku wani yaro da bai fi kwana biyu da shigowa ba ya tambayi yadda ake kafa iyakar fili, ya ba shi amsar da ta sa yaron ya fita nan take. Na dakatar da abokin nawa mako guda, kamar yadda dokar da shi kansa ya taya ni rubutawa ta ce. Ya kira ni a waya ransa a ɓace.

"Haba, ni za ka yi wa haka saboda wani wanda ko sunansa ba ka sani ba?"

Na ce masa in na ƙyale shi, gobe ba ni da bakin hana kowa. Mun yi kusan wata ba ma magana sosai. Ya dawo daga baya, amma har yau akwai ɗan abin da bai koma daidai ba tsakaninmu, yaron kuma bai sake shigowa ba duk da saƙon ban haƙuri da na tura masa. Ta kowane gefe dai an yi asara, kuma da a ce tun magana ta farko na tsaya da ƙarfi, wataƙila da ba a kai nan ba.

Yanzu daren Asabar mukan cika 20 ɗin har wasu su jira, na kuma ƙi ƙara adadin sai na sami injin da zai ɗauka ba tare da ya yi nauyi ba. Fayil ɗin nan kuwa kowace Lahadi nake karanta shi. Har yanzu akwai masu shigowa lokacin da muke barci, yawancinsu daga ƙasashen da darenmu yake ranarsu. A makon jiya wani ya shigo 3:07 na dare, ya yi minti huɗu, ya ɗauki bulo takwas daga akwatin hanyar jirgi ya jera, ya fita. Na nuna wa mai itatuwa, ta ce akwai mutum biyu cikin 'yan Bedrock da ba sa barci da wuri, za ta tambaye su ko za su riƙe mana daren Alhamis.