Mako shida muna koyon rawar samarin K-pop har muka ɗauki bidiyonta

Mu bakwai muka ɗauki rawar wata ƙungiyar samarin Koriya ta Kudu mai mutum bakwai, muka ce za mu koye ta daga farko har ƙarshe, mu ɗinka kaya, mu ɗauki bidiyo. Mun ɗiba wa aikin mako uku, ya ci shida. Makon farko gaba ɗaya ya tafi a banza saboda daga bidiyon waƙar muka fara koyo, wanda kamfani ya tace ya saki, kuma wannan bidiyon ba don koyarwa aka yi shi ba.

Bidiyon waƙar K-pop, wato waƙoƙin zamani na Koriya ta Kudu, yankakke ne. Daƙiƙa biyu ko uku an sauya hoto: yanzu ana nuna rawa, yanzu fuskar mutum ɗaya ta cika allo, yanzu an koma wani ɗaki da wasu kaya daban. Da muka zauna muka auna namu, wuraren da ake ganin mutum bakwai ɗin tun daga kai har ƙafa ba su kai rabin waƙar ba. Ko a wuraren ma kyamara ba ta tsayawa. Tana kutsawa ciki daidai lokacin da ganga ta buga, ta ja baya idan sahu ya buɗe, har mai kallo ya ɗauka ƙarfin duk daga jikin masu rawar yake, alhali wani kaso daga hannun mai kyamara ne. Abin da ake koyo da shi shi ne bidiyon atisaye, wanda ƙungiyoyin ke saki bayan waƙa ta fita: ɗaki ɗaya, kyamara a gaba, kowa da kayan motsa jiki, ana jin har ƙarar takalmi a ƙasa. A YouTube ana rubuta sunan waƙar a bi shi da "dance practice mirrored". Kalmar ƙarshen tana da muhimmanci, domin tana nufin an juya hoton kamar madubi. Idan ka kwaikwayi wanda ba a juya ba, hannun damansa zai zama hagunka, kuma duk sahun zai fito a birkice ba tare da ka lura ba sai ranar da ka ajiye bidiyonka kusa da na asali.

Ƙirga ita ce ginshiƙi. Ana ƙirga kiɗan takwas-takwas. Waƙarmu minti uku da rabi ce, tana bugu kusan 120 a minti, ke nan bugu 420, wato takwas sau 52 da ɗan kai. Mun rubuta lamba 1 zuwa 52 a takarda, kowace lamba muka sa mata abin da ke faruwa: farkon baiti, shigowar mai rap, amshi, inda kiɗa ke yankewa a yi rawa zalla. Amshi yana dawowa sau uku da taku kusan iri ɗaya, saboda haka sabon takun da za a haddace bai kai yadda ake tsoro ba. Muna koyon takwas huɗu a zama ɗaya na awa biyu, muna kunna bidiyon da gudun 0.5 tukuna, wato rabin gudunsa, sai 0.75, sannan cikakken gudu. Tsallakawa daga 0.5 kai tsaye zuwa cikakke yana sa jiki ya zubar da ƙananan motsi, irin juya wuyan hannu da ɗaga haɓa, kuma su ne ke ba rawar kamanninta. Akwai kuma motsin da ke faɗowa tsakanin bugu biyu, wanda muke ƙirgawa da "da": ɗaya da biyu da uku. Duk inda muka ga mutum bakwai sun rarrabu, idan aka bincika a kan wannan "da" ɗin ne.

Kowa ya ɗauki mutum ɗaya a ƙungiyar ya bi shi shi kaɗai. Da farko kowa ya zaɓi wanda yake so, sai tsarin ya ƙi zama, domin mai tsara rawar ya gina sahun ne da tsayin mutanen a ransa. Mafi tsawonmu ya faɗo a gaba a wurin da ake buƙatar na baya su fito, ya rufe mutum biyu. Muka sake rabo bisa tsayi da kuma ƙarfi, musamman wanda za a taka bayansa a yi tsalle da wanda zai yi tsallen.

Koriyawa suna da kalma, kalgunmu, ma'ana rawar taro mai kaifi kamar wuƙa, inda mutum bakwai ko goma sha uku ke motsi kamar jiki ɗaya. An san ƙungiyar Infinite da wannan tun farkon shekarun 2010, kuma Seventeen, da suka fito a 2015 su goma sha uku, sun kai shi wani matsayi. Na daɗe ina zaton sirrin a fara motsi tare yake. Aikin ya nuna mini a tsayawa yake. Fara ɗaga hannu tare abu ne mai sauƙi, kiɗa ne ke ba da umarni. Inda ake bambanta shi ne a ina hannun ya tsaya, a wane kusurwa, da tsawon lokacin da ya yi a daskare kafin motsi na gaba. Mutum ɗaya ya tsayar da hannu daidai kafaɗa, na kusa da shi ya wuce da faɗin tafi ɗaya, ido ba zai ce ga laifin ba amma zai ji rawar ta yi laushi. Maganin da ya yi mana aiki: a ɗauki kowane atisaye da waya, a tsayar da hoton a kan bugun da ake daskarewa, a duba abu huɗu, wato tsayin gwiwar hannu, inda tafin hannu ya fuskanta, faɗin tsakanin ƙafafu, da inda ido ke kallo. A kwamfuta, idan aka tsayar da bidiyon YouTube, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da shi hoto ɗaya baya ko gaba, da haka muke gano ainihin kusurwar da 'yan ƙungiyar suka tsaya. Sai mu tsaya a wannan siffar, mutum ɗaya ya fita daga sahu ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana gyara hannu da kafaɗa, mu riƙe har ƙirga takwas, mu sake, mu koma, sau goma. Abin gajiyarwa ne, amma a mako na huɗu shi ya sauya kamannin rawar fiye da duk wani sabon taku. Zurfin durƙuso ma haka. Idan gajiya ta zo kowa yana rage lanƙwasa gwiwa gwargwadon ƙarfinsa, kawuna su daina daidaita. Mun ɗaura igiya daga bango zuwa bango a tsayin da kai ya kamata ya sauka, kowa ya riƙa shiga ƙarƙashinta.

Sai sauya sahu, wanda bidiyon waƙa ke ɓoyewa kwata-kwata, domin a daidai nan ake yankawa zuwa fuskar mai rera baiti. A waƙarmu sahu ya sauya fiye da sau ashirin: layi ɗaya, uku a gaba huɗu a baya, siffar kan mashi, da'ira, a koma layi. Ƙa'idar ita ce mai rera baiti a lokacin shi ke zuwa tsakiya, sauran su buɗe masa hanya, kuma galibi bugu huɗu kawai ake da su a isa. A dandamalin shirye-shiryen waƙa na Koriya, irin Music Bank na KBS da Inkigayo na SBS, akwai lambobi a bakin dandamali, sifili a tsakiya, suna ƙaruwa dama da hagu. Muka yi namu da salatif mai launi, tazarar mita ɗaya, daga 0 zuwa 4 kowane gefe, da layi uku na zurfi. Kowa ya rubuta a takardarsa: takwas na 17, ina kan 2 hagu, layin baya. Karo ya ragu nan take. Sauran karon da ya rage mun kashe shi da doka ɗaya, cewa mai zuwa gaba shi ke da hanya, mai komawa baya ya zagaya ta waje. Kuma tafiyar kanta rawa ce. Idan mutum ya saki jiki ya taka kamar mai zuwa shago, daƙiƙa biyun nan sun isa su karya duk abin da aka gina.

Kusan kowace waƙa tana da ɗan takun da aka ƙera don a riƙe shi, yawanci a amshi, da hannu da kafaɗa, mai sauƙin da kowa zai iya yi a gajeren bidiyon TikTok. Shi muka fi saurin koya. Shi ne kuma masu kallo suka fi sani, saboda haka ƙaramin kuskure a cikinsa ba ya ɓuya.

Kaya ba ado ba ne kawai, suna cikin rawar. Idan ka lura da yadda ake shirya samarin, ba a cika sa musu anko iri ɗaya sak ba. Launi biyu ko uku ake zaɓa, kowa a ba shi yanka daban: wannan kwat mai tsawo, wancan gajeriyar jaket, wani riga mai faɗin hannu, wani ɗamarar fata a ƙirji. Daga nesa su zama ƙungiya, daga kusa a gane kowa. Launin gashi ma aikin da yake yi ke nan, ya sa ka gane mutum cikin sahun da ke sauyawa duk bayan daƙiƙa kaɗan. Mu ba mu rina gashi ba, mun bambanta kanmu da hula, ɗankwalin goshi da sarƙa. Mun zaɓi baƙi da fari da ɗan ja, rabi daga gwanjo, rabi wajen tela.

Darussan kayan sun zo ne a gwajin farko da muka yi sanye da su, kwana biyar kafin ɗauka, kuma da mun bari sai ranar da an yi asara. Wando biyu sun yage a hantsa wajen durƙuso mai faɗi. Tela ya sa musu ƙarin ƙyalle mai siffar lu'ulu'u a hantsar, sauran kuma muka koma yadi mai ɗan talewa. Riga da aka cusa cikin wando tana fitowa da zarar an ɗaga hannu sama, sai an kama ta da fil daga ciki ko a ƙara mata tsawo. Sarƙa mai nauyi tana dukan haƙori a tsalle, mun ɗinke ta a jikin riga ta wuri biyu. Doguwar kwat tana ƙara wa juyi kyau domin tana ci gaba da tafiya bayan jiki ya tsaya, amma saboda wannan dalilin ne take ɓata wurin daskarewa, don haka wanda ya fi yawan tsayawa a tsakiya muka ba shi gajeriya. Yadi mai ruwan toka yana nuna gumi tun ɗauka ta biyu. Baƙi a gaban bango mai duhu yana haɗiye hannu, motsin ya ɓace, shi ya sa muka sa farin takalmi da farin bakin hannu. Rawar tana da faɗuwa kan gwiwa sau biyu, kuma a kan siminti ba a yin wannan sai da matashin gwiwa siriri a ƙarƙashin wando.

Wajen ɗauka mun yi amfani da waya ɗaya a kan abin riƙewa mai hana girgiza. Gwajin da muka yi cikin zaure da dare ya fito da ratsi-ratsi masu yawo a hoto. Dalili shi ne wutar lantarkinmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Koriya ta Kudu sau 60, wayar kuma tana ɗaukar hoto 60 a daƙiƙa, sai fitilun suka riƙa ƙyaftawa a idon kyamara. Ko dai a mayar da wayar kan 25 ko 50 idan tana da zaɓin, ko a fita hasken rana. Mun fita, daga ƙarfe bakwai zuwa tara na safe, kafin rana ta hau ta sa inuwa a ƙarƙashin ido. Kyamara a tsayin ƙirji, ba a tsayin fuska ba, don ƙafafu su samu wurinsu. Ruwan tabarau mai faɗi na kyamarar waya, wato na 0.5, yana ɗaukar kowa a ƙaramin fili, amma yana miƙar da na gefe, hannunsu ya yi tsawo fiye da na tsakiya, daidaiton da aka sha wuya a kansa ya lalace. Gara a ja baya mita shida ko bakwai a ɗauka da na 1.

Mai kyamara shi ne ɗan rawa na takwas. Sai da ya haddace takardar ƙirga kamar kowa: a takwas na nawa zai matso, a na nawa zai ja baya kafin sahu ya buɗe. Idan ya makara da bugu biyu, mutanen gefe sun fita daga hoto. Ya yi atisaye uku tare da mu kafin ranar.

Sautin da waya ta kama a fili ba ya amfani, ana ɗora waƙar asali ne wajen tacewa. Don a samu wurin daidaitawa, mutum ɗaya yana yin tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamara kafin a saki kiɗa, sannan a duba bugun farko a kan zanen sautin. Kuskuren hoto biyu ko uku ya isa ya sa rawa mai kyau ta zama kamar ana bin kiɗa a baya. Mun yi ɗauka tara daga farko zuwa ƙarshe ba yankewa, da hutun minti biyar da ruwa a tsakani. Ta huɗu da ta biyar suka fi kyau. Daga ta bakwai gwiwoyi sun daina sauka inda igiya ta koya musu, kuma ana gani a hoto. Da muka ɗora a YouTube, tsarin gano haƙƙin mallaka ya kama waƙar cikin mintuna, bidiyon ya zauna amma kuɗin talla na masu waƙar ne. Mun rubuta sunan ƙungiyar da na waƙar a ƙarƙashinsa, muka ɗora ɗauka ta biyar yadda take, har da wurin da na 3 hagu ya makara rabin bugu a amshi na ƙarshe.