Inda na kai a koyon zaman natsuwa bayan Asuba

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Na fara da minti biyar tun hunturu bai tafi ba, yanzu da bazara ta kama ina kai minti 15. Bayan sallar Asuba da azkar nake zama, kuma ban ga lokacin da ya kai shi ba a Sakkwato. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, da hantsi ya yi jiki ba ya yarda a zauna wuri ɗaya. Da asubahi kuwa akwai 'yar iska, 'yan kabu-kabu ma ba su fara kai-komo ba.

Tabarma ce kawai, in harɗe ƙafa, in miƙe baya, waya tana can cikin ɗaki. In ja numfashi ta hanci ina ƙirga huɗu, in sake shi a hankali ina ƙirga shida. Haka numfashi yake sauka zuwa kamar shida a minti ɗaya, alhali baligi da ke hutawa yakan yi 12 zuwa 20. Tsawaita fitarwar yana da dalili: duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi, bugun zuciya kan ɗan lafa. Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, za ku iya jin bambancin.

Abin da ya fi wuya shi ne tunani. Kafin in kai ƙirga goma ya tafi wurin bashi, ko kuɗin makarantar yara, ko maganar da wani ya yaɓa mini jiya. Kamar akuya ce da ta tsinke igiya, duka ba ya hana ta, sai dai a kamo ta a mayar turke. Wannan kamowar ita ce aikin gaba ɗaya. Kada wanda tunaninsa ya gudu sau ashirin ya ce zamansa ya lalace.

Amfanin kuwa a shagon ɗinkina na fara ganinsa. Wani ya zo karɓar kaftaninsa, bai samu an sa maɓalli ba, ya hau faɗa a gaban yaran shago. Na ji ƙirjina ya ɗau zafi, muƙamuƙina ya ɗaure, amma na lura da su kafin baki ya buɗe. Numfashi ɗaya na ja, na zauna a kan kujerar keken ɗinki, kamar yadda hadisi ya koyar cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, sannan na ba shi haƙuri. Sallata ma ta samu rabonta, domin yanzu nakan kama zuciyata tun a raka'ar farko in ta nufi kasuwa.

A Amurka, wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya kafa tsarin koyon irin wannan zaman natsuwa na mako takwas a 1979, a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts. Mu kuma a garin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rayu a kan ɗariƙar Ƙadiriyya, zama wuri ɗaya ana zikiri da tafakkuri ba baƙon abu ba ne. Ni ban ɗauki ƙirga numfashi ibada ba, share fage ne kawai. Ba kuma ya maye gurbin likita: wanda damuwa ta hana shi barci da cin abinci, ya je asibiti.

Abin da zan gwada nan gaba shi ne ƙarin minti biyar bayan La'asar, lokacin da gajiya da hayaniyar shago suka fi yawa. Wanda ya riga ni gwadawa a cikinku, ya gaya mini yadda yake yi da gyangyaɗi.