Tatsuniyar da mai ba da ita bai san ƙarshenta ba

Mutum biyar sun kewaye teburi. Ɗaya ya buɗe baki ya ce: "Kun iso ƙofar gari bayan magariba, kun tarar an rufe. Mai gadi na gyangyaɗi a kan benci, mabuɗi na rataye a ƙugunsa. Me za ku yi?" Sauran huɗun kowa da jarumin da yake riƙe da shi a rubuce a takarda. Wani ya ce a tashe shi a ba shi na goro. Wata ta ce ita za ta lallaɓa ta zare mabuɗin. Sai mai jan labarin ya miƙa mata dayis, irin abin nan mai lambobi da ake jefawa a ludo, ya ce ta jefa. Daga wannan lokacin babu wanda ya san abin da zai biyo baya, har shi mai labarin. A ganina duk daɗin wasan a nan yake.

Wanda ya fi shahara a irin waɗannan wasanni na kan teburi, da kowa ke taka rawar jarumi a cikin labari, shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 ta hannun kamfanin TSR. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, kuma bugu na biyar da aka fi yi yanzu ya fito a 2014, aka yi masa kwaskwarima a 2024. Ana samun ƙa'idojinsa na farko kyauta a intanet.

Kayan aiki ba su da yawa: fensir, magogi, takardar jarumi ga kowa, da dayis. Na wannan wasan iri-iri ne, akwai mai fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20, amma mai fuska 20 shi ne uban tafiya. Kowane jarumi yana da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, basira da kwarjini. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba musu lambobin nan: 15, 14, 13, 12, 10 da 8. Daga kowace lamba ake fitar da ƙarin da za a haɗa da jifa. Mai 14 ko 15 yana da ƙarin 2, mai 16 ƙarin 3, mai 10 ba shi da komai, mai 8 kuwa rage masa 1 ake yi. Kada a raina wannan 8 ɗin. Ƙaton da ba ya iya magana a gaban sarki ya fi wanda ya iya komai ba da dariya da labari.

Mu koma kan mabuɗin. Mai jan labari yana yanke wuyar aiki da lamba kafin a jefa: 10 mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. A ce ya sa 15, jarumar kuma tana da ƙarin 3. Tana bukatar 12 ko fiye, wato fuska 9 cikin 20, kashi 45 cikin ɗari ke nan. In abokin tafiyarta ya yi dabara ya ɗauke hankalin mai gadin, sai a ba ta damar jefa dayis biyu ta ɗauki babba, damarta ta haura zuwa kusan kashi 70. Shi ya sa za ka ga 'yan wasa suna gardama minti goma kan wa zai yi kukan kura a bayan ganuwa. Lissafin da kansa ke tura su haɗa kai.

To in ta jefa 4 fa? Nan ne sababbin masu jan labari ke kwafsawa. Sai su ce "ba ki samu ba", shiru ya biyo baya, wani ya ce shi ma bari ya gwada, a yi ta jifa har wani ya dace. Wasa ya mutu. Ya kamata faɗuwa ta haifi sabon al'amari: mabuɗin ya zaru, amma ya faɗi ƙasa da ƙara, mai gadi ya buɗe ido ɗaya, kuma ashe ya san fuskar babanta. In faɗuwa ba za ta canza komai ba, kada ma a sa a jefa.

Kuskure na biyu, mai jan labari ya zauna ya rubuta komai tun daga gatanan-gatananku har ƙurunƙus. Ranar wasa 'yan wasa su ƙi bin hanyar da ya shata, shi kuma ya shiga toshe musu kowace kafa. Suna ganewa, ɗokinsu ya tafi. Abin da za a shirya kaɗan ne: wurare uku, mutane huɗu ko biyar da abin da kowannensu ke so, matsala ɗaya da za ta ƙara lalacewa in ba a taɓa ta ba, sai jerin sunaye goma na ko-ta-kwana, don tabbas wani zai tambayi sunan mai shayin da ba a yi niyyar ya yi magana ba.

Yawan mutane ma yana da nasa tasirin. Uku zuwa biyar ban da mai jan labari shi ne daidai. In sun kai bakwai, zagaye ɗaya na faɗa, wanda a cikin labarin daƙiƙa 6 ne kacal, yana iya cin minti ashirin, wayoyi su fara fitowa daga aljihu. Zama ɗaya awa uku zuwa huɗu ne. Kafin na farko a yi zaman share fage: irin labarin da ake so, abin da ba a son a taɓa, da ranar da za a riƙa haɗuwa. Rashin tsayayyar rana ya fi kowane dodo kashe wasa.

Wanda bai samu dayis mai fuska 20 ba kada ya fasa. Dayis biyu na ludo sun isa a bi tsarin wasan Apocalypse World na 2010: a jefa biyu a haɗa, 10 ko fiye nasara ce, 7 zuwa 9 an samu amma da ɗan hasara, 6 zuwa ƙasa kuma matsala ta kunno kai. Ba tare da ƙari ba, tsakiyar nan na fitowa sau 15 cikin 36, don haka sau da yawa ciniki ake yi da mai jan labari kan abin da za a rasa. Ba a sa kuɗi a wasan. Wanda duk da haka ba ya son taɓa dayis, sai a yanka takardu ashirin, a rubuta 1 zuwa 20, a ninke a zuba a hula, a riƙa zara ana mayarwa kafin na gaba ya sa hannu.