Talata: ni da Kawu da alawar waya

Yau ni na kai Kawu awon hawan jini, Yaya ya ce ba zai samu fita daga wurin aiki ba. Mun yi sammako, amma duk da haka layi har bakin baranda. Muka samu benci muka zauna. Kun san halina, da zama ya yi tsawo sai hannu ya tafi jaka. Na buɗe wasan Candy Crush a waya, matakin nan da ya riƙe mini wuya, mai jeli a kusurwoyin ƙasa da cakulan a tsakiya.

Ban san yana leƙe ba sai da na ji ya ce, "Ke, me ya kai ki cin na sama? Ga na ƙasa can yana kallonki."

Na yi dariya na ce, "Kawu, dama kun iya?" Ya ce bai iya ba, amma yana da ido. Sai na matso da wayar na shiga yi masa bayani. Alawa ake musanyawa da maƙwabciyarta, sama ko ƙasa, dama ko hagu, ban da karkace. In uku masu launi ɗaya suka jeru sai su fashe, na sama su zubo su cike gurbin. In jan bai haɗa komai ba, alawar ta koma inda take. Kuma kowane mataki da adadin jan da aka ba ka, in ya ƙare ba ka gama aikin ba, kamar share jelin nan duka, ka faɗi.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe dara ce aka shafa wa sukari."

Inda muka fara saɓawa shi ne maganar huɗu. Na jera huɗu, mai zane-zane ta fito, na ce masa wannan in ta fashe layi guda take sharewa. Ya ɗaure fuska. Wai a dara wanda ya jera huɗu ya yi aikin banza, uku cif ake so kafin ka ɗauke ɗan abokin wasa. Na ce to a nan yawa shi ne riba. In biyar suka haɗu da lanƙwasa, kamar kusurwar ɗaki, sai a samu mai leda, wadda ke fashewa sau biyu ta kwashe na kewaye da ita. In kuwa biyar ɗin a miƙe suke, sai baƙar ƙwallon nan mai ɗigo-ɗigo ta fito, duk launin da ka haɗa ta da shi sai ya ɓace daga allo. Daɗin ma sai an haɗa su da juna: mai zane da mai leda su share layi uku a tsaye uku a kwance, ƙwallo biyu kuwa su wanke allon tas.

Abin haushi, shawararsa ta farko daidai ce. Cin ƙasa ya fi motsa allo, don duk abin da ke sama sai ya gusa, wani lokaci ma su yi ta fashewa da kansu ba ka taɓa ba. Mutumin da ko saƙon waya sai an karanta masa, cikin ɗan zaman nan ya gano wannan. Cakulan ma bai ba shi wuya ba. Da na ce duk jan da ban fasa ko ɗaya ba sai ya ƙara cin gurbi guda, ya ce, "Yauwa, wannan ne mai hankali a cikinsu. Fara da shi, jelin ba inda za shi."

Can sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Wai da wa kike karawa?"

Na ce ba kowa.

"Sababbin da ke zubowa fa, wa ke zubo su?"

Na ce na'ura.

"Kina ganinsu kafin su zo?"

Na ce a'a.

"To 'yar nan, rabin wasan nan sa'a ce. Dara gurbi talatin ne, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, komai a fili yake a ƙasa. In an cinye ka, mutum ne ya fi ka tunani, kuma ka san gidansu, gobe ka je ka rama."

Na so in yi gardama, don ni na san akwai dabara. Wanda ke ja barkatai ba ya nisa, sai ka ƙirga jan da ya rage, ka haƙura da ƙaramin ci don ka gina babba. Amma ina cikin wannan bayanin jana ya ƙare da jeli ɗaya tal a kusurwa, raina na ƙarshe ya tafi. Na ce masa rai biyar ake bayarwa, kowane ɗaya sai bayan minti talatin yake dawowa, sai dai in mutum zai saya ko ya roƙi abokai. Kawu ya yi dariya har matar da ke gefenmu ta waigo.

Da daddare Auta ya ƙara masa abin mamaki. Ya ce kamfanin King da ya yi wasan asalinsa daga Suwidin ne, a Facebook wasan ya fara fitowa a 2012, an sayi kamfanin dala biliyan 5.9 a 2016, yanzu kuma tun 2023 yana hannun Microsoft. Kawu ya ce a maimaita masa kuɗin. Aka maimaita. Ya ce, "A kan alawar da ba a sha?"

Abin da ya tsaya mini a rai dai a cikin adaidaita ya faɗe shi, muna dawowa, kuma ba da wata murya ta daban ba. Wai cikin waɗanda suke buga dara tare a ƙofar gida bayan la'asar saura mutum ɗaya, shi ma idonsa ya tafi. Sai na tuna tun da aka dawo da shi wurinmu ban taɓa ganin ya yi wasan komai ba. Daga rediyo sai carbi. Mu kuma kowa kansa a sunkuye, ni ce ma kan gaba. Na tambayi Auta ko ya iya dara, ya ce shi dai ya san ana cewa dara ta ci gida. Ni ma ɗin jeri kawai na sani, ban san yadda ake shuka 'ya'yan da farko ba. Na ce ranar Asabar ya tona gurabe a gindin dalbejiya, Kawu ya koya mana. Ya ce to, irin to ɗin Auta.

Jinin ya ɗan sauka, alhamdu lillahi. Likita ta ce a rage gishiri, Inna ta ce ai ba ta sa da yawa, to wa zai ja da Inna.

Gas ya ƙare ana tsakiyar tuwo, da gawayi aka ƙarasa.

Ɗinkin bikin Juma'a ko yankawa ban yi ba.