Daƙiƙa biyar kafin Hilux ɗina ta ɗauka

Tun shigowar hunturun bana Hilux ɗina mai shan gas, ƙirar 2008 mai giya otomatik, ta tsiro da wani hali. Da asuba in tayar da ita, in taka birki, in ja giya zuwa D, wato giyar tafiya gaba, sai shiru. Inji na kaɗawa, mota na tsaye. Sai na ƙirga kusan biyar sannan in ji wani "dum" a ƙarƙashin kujera, ta zabura. In rana ta ɗaga kuwa, abin ya yi sauƙi.

Bakaniken farko ko leƙa ƙarƙashinta bai yi ba ya ce a sauke giyabos. Raina bai kwanta ba. Da motar nan nake ɗauko buhunan wake daga Dawanau, kwana uku a gareji ba ƙaramar asara ba ce.

Wani dattijon bakanike aka nuna min. Ya ce, "Alhaji, kafin a kwance komai bari mu ji ta bakin motar." Muka zaga da ita har man giya ya ɗumama, ya tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, ya ja birkin hannu, ya fito da agogon wayarsa. A ƙa'idar Toyota, jinkirin ɗauka daga N (wato firi) zuwa D kada ya kai daƙiƙa 1.2, zuwa ribas kuma 1.5. Sau uku ya gwada kowanne, yana barin minti guda a tsakani. Dukansu sun zarce.

Nan na ƙaru. In D kaɗai ke nawa, kulocin gaba ake zargi. In ribas kaɗai, a nemi nasa kulocin da birkinsa na cikin giyabos. Amma in biyun suka yi nawa tare, galibi matsin mai ne ya yi ƙasa.

Ya zaro gejin man giya inji na kunne. Man bai kai alamar HOT ba, wato inda ya kamata ya kai in ya yi zafi. Ya goga a farar takarda, ya shinshina, ya miƙo min: ja ne da ya ɗan yi duhu, babu ƙauri. Wallahi sai da na yi ajiyar zuciya. Da sanyi mai kan tsuke, ga shi dama ya ragu, sai famfo ya riƙa zuƙar iska kafin ya kamo shi.

Yoyon yana jikin tiyon da ke kai mai lagireto, ƙurar hunturu ta lulluɓe wurin ta zama baƙar laka. Muka canza tiyo, muka sauke farantin ƙasan giyabos, muka sa sabuwar matatar man giya. A jikin maganaɗisun farantin toka-tokar ƙarfe ce kawai mai laushi, babu ɓarɓashi.

Abu ɗaya ya yi min faɗa a kai: taka totur da nake yi in ta ƙi ɗauka. Ya ce haka ake cinye kuloci, domin yana kamawa da ƙarfi ba isasshen matsi. Na daina tun ranar.

Washegari bayan sallar asuba na ja giya ina ƙirgawa. Ban kai biyu ba ta ɗauka.